Raunin da Ido Ba Ya Gani: Aikin Hoton Siti Bayan Haɗarin Mota



Duk wanda ya taɓa tsayawa a inda mota ta yi haɗari, ko a hanyar Kaduna zuwa Zariya ne, ko a ta Kano zuwa Maiduguri, ya san yadda jama'a ke yi. Kowa sai ya rufu a kan wanda jini ya wanke wa fuska, ko wanda ƙafarsa ta juya. Shi kuwa wanda ya fito da kansa, ya zauna a gefen titi yana salati, yana neman ruwa, sai a ce masa barka, Allah ya kiyaye gaba, a sa shi a wata mota ya tafi gida. Sau da yawa hakan daidai ne. Amma akwai ranar da mai jinin zai warke da ɗinki shida, shi kuwa mai neman ruwan a yi jana'izarsa kashegari. A kan wannan mutum na biyu nake so in yi magana yau, da kuma na'urar da aka ƙera wadda ke iya ganin abin da ke faruwa a cikinsa tun bai faɗi ba, watau wadda ake kira siti, ko siti-sikan a bakin mutanen asibiti.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 suka mutu a kan hanyoyin duniya cikin 2021, kuma haɗarin hanya shi ne ya fi kowace cuta kashe waɗanda ke tsakanin shekara 5 da 29, watau sa'o'in yawancin ɗaliban da ke zaune a nan. Yankin Afirka shi ne kan gaba, da kimanin mutum 19 cikin kowane 100,000, alhali kuwa shi ne mafi ƙarancin motoci.

Bari mu fara da abin da haɗari ke yi wa jiki. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, idan ta ci karo da bishiya ta tsaya cak, wanda ke cikinta daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon mita 14, kamar daga kan bene mai hawa huɗu. In gudun ya kai 100, tsawon ya tasam ma mita 40. Kuma a cikin haɗari ɗaya karo uku ake yi. Mota ta kara da bishiya. Mutum ya kara da sitiyari, ko gilashi, ko bel ɗin da ya ɗaura. Sa'an nan kayan cikinsa su kara da jikinsa: ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai, zuciya ta bugi ƙashin ƙirji, saifa da hanta su fizgu daga jijiyoyin da ke riƙe da su. Karo na farko makaniki ke gani, na biyu kowa na gani. Na uku ba ya barin alama a fata ko kaɗan.

To, a ce an kai shi asibiti, me zai hana a ɗauki hoton ƙashi irin wanda muka saba? Hasken eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, inuwa kaɗai yake bayarwa. Haske ya ratsa jiki, abin da ya tare shi ya fito fari, abin da bai tare shi ba ya fito baƙi, duk a tattare wuri ɗaya kamar inuwar mutane biyar da suka jeru a gaban fitila. Ƙashi yana fitowa sosai, haka iskar huhu. Amma jini da ƙwaƙwalwa da hanta kusan nauyinsu ɗaya ne a wurin wannan haske, ga shi kuma ƙoƙon kai ya rufe komai. Saboda haka mutum na iya samun hoton kai lafiya lau, babu tsaga ko ɗaya, jini kuwa na taruwa a ciki.

Likitocin da ba su da wata na'ura sai wannan ba su naɗe hannu ba, sai dai dabarunsu masu wahala ne. Sukan ɗura aidin ta jijiyar wuya su ɗauki hoto, su duba ko an ture jijiyoyin ƙwaƙwalwa gefe guda. In lokaci ya ƙure, sai likitan tiyata ya huda ƙoƙon kai a nan, in bai sami jini ba ya huda can. Game da ciki kuwa, tun daga 1965 akan zuba ruwa a cikin mutum ta ƙasan cibiya a tsiyayo shi, in ya fito ja a shiga tiyata. An ceci rayuka da haka, an kuma tsaga cikkunan da ba su bukaci tsagawa ba.

Wanda ya kawo sauyi ba likita ba ne. Godfrey Hounsfield injiniyan lantarki ne a kamfanin EMI na Ingila, bai ma yi digiri a jami'a ba. Na'urar gwajinsa ta farko kwana 9 takan yi kafin ta gama auna abu ɗaya, kuma har ƙwaƙwalwar saniya ya riƙa sayowa daga mahauta yana gwadawa. Ran 1 ga Oktoba, 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, tare da likita James Ambrose, aka ɗauki hoton wata mata da ake zaton tana da ƙari a ƙwaƙwalwa. Ƙarin ya fito a hoto, aka buɗe, aka same shi daidai inda hoton ya nuna. Ashe tun a 1963 da 1964 wani masanin kimiyya haifaffen Afirka ta Kudu, Allan Cormack, ya buga lissafin da ake bukata, ba wanda ya kula. Su biyun aka haɗa aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1979. A nan Nijeriya kuwa, na'urar farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan aka kafa ta, a 1987.

Yaya take aiki? Da yawanmu mun san hatimi, wannan zane mai gidaje da malamai ke cikawa da lambobi. Ku juya al'amarin. A ce an rufe lambobin duka, an ba ka jimlar kowane layi kaɗai, na tsaye da na kwance da na karkace, aka ce ka fito da abin da ke cikin kowane gida. In jimlolin sun wadata, mai lissafi zai fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Abin da na'urar siti ke yi ke nan. Majinyaci na kwance a kan gado, gadon na shiga cikin wani babban zobe. A cikin zoben akwai fitilar eksire da ke zagaya shi, a ɗaya ɓangaren kuma akwai ma'aunai masu auna yawan hasken da ya tsira bayan ya ratsa jiki. Kowane awo jimlar layi ɗaya ce. Kwamfuta ta tattara dubban jimloli ta fito da lambar kowane ɗan gida, sai ga hoton jiki kamar an yanka kabewa an ɗaga yanki ɗaya ana dubawa, ba tare da wuƙa ta taɓa mutum ba. Hatimin Hounsfield gida 80 ne sau 80, watau 6,400, kuma minti huɗu zuwa biyar yake ci kafin a gama awo ɗaya, na kai kaɗai. Na yau 512 ne sau 512, fiye da gida 260,000, fitilar na kammala zagaye cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kaurin yanki bai kai milimita ba, ana kuma iya ɗaukar mutum daga kai zuwa cinya kafin minti ya cika.

Lambobin nan suna da ma'auni, wanda aka sa wa sunan Hounsfield. Ruwa sifiri ne. Iska 1,000 ce ƙasa da sifiri, kitse kamar 100 ƙasa da sifiri, ƙashi mai ƙarfi kuwa ya kai 1,000 sama, har ya wuce. Ƙwaƙwalwa tana tsakanin 25 da 40. Jinin da ya zuba ya daskare yana tsakanin 50 da 80. Wannan ɗan bambanci, wanda hoton ƙashi ba ya iya nunawa, shi ne dukan sirrin. A hoton siti jinin yana fitowa fari fat a kan tokar ƙwaƙwalwa, yadda ko ɗalibin likita na shekarar farko zai nuna shi da yatsa.

Yanzu mu koma ga mutuminmu mai neman ruwa. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashi ba shi da kauri, kuma daidai ƙarƙashinsa wata jijiyar jini ta bi. Idan gefen kai ya bugi ƙofar mota, ƙashin ya tsage, jijiyar ta yanke. Mutum na iya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya yi magana daidai, ya ba da lambar wayar ɗan'uwansa, domin ita ƙwaƙwalwar ba ta ji rauni ba tukuna. Jini kuwa yana ta zuba tsakanin ƙashi da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai na babba ba ya buɗewa, ba kamar ciki ba. Duk cokalin jinin da ya ƙaru, wurin ƙwaƙwalwa ya ci. Da fari jiki na ragewa ta hanyar kore wasu ruwaye, shi ya sa ba a ganin komai. Sa'ad da wannan dabara ta ƙare, sai ciwon kai mai tsanani, sai amai, sai barci ya fara ɗibarsa, 'yan'uwa su ce a bar shi ya huta ya sha wahala. Can sai ɗigon baƙin da ke tsakiyar ido ɗaya ya buɗe, ɓari guda na jiki ya saki, numfashi ya rikice. Tsakanin maganarsa ta ƙarshe da wannan hali wani lokaci awa biyu ce ko uku.

Ba kowane mai wannan rauni ke samun wannan farfaɗowa ta yaudara ba, ba su ma kai rabi ba. Amma su ne abin takaici, domin maganinsu na hannu. A hoto jinin kan fito da siffar ƙwallon mangwaro, a manne da ƙashi. Ƙa'idar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ita ce, in ya wuce mililita 30, watau cokali biyu na cin abinci, a buɗe a kwashe shi, ko da majinyacin yana hira. In an yi haka kafin ya shiga dogon suma, galibi yakan koma bakin aikinsa kamar ba a yi ba. Akwai kuma ɗan'uwan wannan rauni, inda ƙananan jijiyoyi ke tsinkewa a ƙarƙashin tantanin, jinin ya shimfiɗu da siffar jinjirin wata. Wannan ya fi muni, don yawanci ƙwaƙwalwar kanta ta ƙuje. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1981 ya nuna cewa cikin waɗanda aka yi wa tiyata kafin awa 4, kashi 30 cikin 100 suka mutu, waɗanda aka yi wa bayan haka kuwa kashi 90. Binciken da suka biyo baya ba su sami tazara mai faɗi haka ba, amma ba wanda ya zo ya ce jinkiri yana da amfani.

Shin duk wanda ya buga kai za a sa a na'ura? A'a, kuma likitan da ya ce ba a bukata ba rowa yake yi ba. Tun 1974 likitoci biyu a Gilasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka tsara ma'aunin hayyaci, wanda a yau ake lissafa shi haka: buɗe ido maki 4, magana maki 5, motsi maki 6, jimla 15, mafi ƙaranci 3. Wanda ya zo da ƙasa da 13, ko awa biyu ta wuce bai cika 15 ba, hoto ya wajaba nan take. Haka wanda ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ya yi jijjiga irin ta farfaɗiya, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko wani ruwa garai-garai na fita ta hanci ko kunne, ko idanunsa biyu suka yi baƙi a kewaye ba tare da an buge su ba. Dattijon da ya kai 65, da mai shan maganin tsinka jini, ana sassauta musu sharaɗi, don su jijiyoyinsu ba sa jure abin da na saurayi ke jurewa. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, a sa masa ido ya isa. Amma sa ido na nufin a tashe shi a yi masa magana, a ji ko ya san inda yake.

Daga kai sai wuya, kuma a nan ne masu taimako suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, laka ta ratsa ta tsakiyarsu. Ɗaya na iya karyewa laka ba ta taɓu ba, mutum yana motsa hannu da ƙafa. Sai a ciccibo shi, wani ya kama hannuwa, wani ƙafafu, kai na reto, a cusa shi a bayan mota a naɗe. Kafin a isa asibiti karayar ta goce, laka ta yanke, ya shanye har abada. Hoton ƙashi na wuya yakan ɓatar da kusan rabin irin waɗannan karayu, siti kuwa da wuya ɗaya ta kuɓuce mata. Ina girmama masu ɗori, akwai karayar hannu da ta ƙafa da suka gada suka iya. Karayar wuya da ta gadon baya ba ta cikinsu, kuma mai ɗorin kirki da kansa zai ce a wuce asibiti.

A ƙirji da ciki akan haɗa hoton da allurar ruwan aidin ta jijiya, wanda ke bin jini ya haskaka duk inda ya shiga. Majinyaci kan ji ɗumi ya ratsa shi, har ya zaci fitsari ya kufce masa, ba komai ba ne. Da wannan ake ganin tsagewar babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, da ƙujewar huhu, da jinin da ke kwarara daga karayar ƙashin ƙugu, wanda ke iya shanye lita da yawa ba a ga ɗigo a waje ba. Saifa da hanta su suka fi fashewa. Abin sha'awa a nan shi ne, hoton ya rage tiyata. Da can, da an ga jini a ciki sai a buɗe a cire saifa. Yanzu da ake iya ganin zurfin tsagar, da ko jinin ya tsaya, yawancin masu wannan rauni kwanciya kawai suke yi a ƙarƙashin kulawa, su tashi da saifarsu. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, wannan babbar riba ce, domin saifa tana cikin masu yaƙi da shi.

Akwai kuma wanda ba za a kai ɗakin hoto ba ko da na'urar na kusa, kuma shi ne wanda ya fi kowa jigata. Mutumin da jininsa ya sauka, jikinsa ya yi sanyi, bugun zuciyarsa na gudu, ana ƙara masa jini ba ya tsayawa, wannan tiyata yake bukata. A cikin zoben shi kaɗai yake, ba hannun da zai kai gare shi da sauri. Irinsa akan ɗora masa sikanin irin na masu juna biyu a nan kan gadon, cikin minti biyu ko uku a ga ko jini ya taru a ciki ko a kewayen zuciya, a wuce da shi. Na faɗi haka ne don 'yan'uwan majinyaci, waɗanda wani lokaci sukan tsaya kai da fata sai an yi hoto tukuna, suna ganin shi ne cikar kulawa.

Sai maganar hasken kansa. Ana auna shi da milisibat. Kowannenmu yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, ba tare da ya je asibiti ba. Hoton ƙirji na eksire bai wuce 0.1 ba. Siti na kai kamar 2 ne, na ciki kamar 8 zuwa 10, na jiki duka ya kai 20 ko fiye. Haɗarin da ke ciki shi ne ƙaruwar yiwuwar ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Ƙaruwar kaɗan ce, amma ta fi yawa ga yara, kamar yadda wani babban bincike na Ingila ya nuna a 2012. Ga wanda ake tsoron jini na taruwa a kansa, wannan ba abin tsayawa lissafi ba ne, ko da mace ce mai ciki, domin ran ɗan yana rataye da na uwar. Ga yaron da ya yi ɗan ƙulu a goshi yana wasansa kuwa, hoton zalunci ne. Su kansu likitocin Turai sun yi gardama a kan ko a riƙa ɗaukar jiki duka ga kowane mai mummunan rauni. Wani nazari na Jamus a 2009 ya goyi bayan haka, amma gwajin da aka yi a Holan da Suwizalan, aka buga a 2016, bai ga bambanci a yawan mace-mace ba tsakanin masu hoton jiki duka da waɗanda aka zaɓi inda za a ɗauka. A ganina wannan albishir ne ga asibitin da ba shi da yalwa: likita mai lura da hannu da ido bai rasa komai ba.

Kada kuma a ɗauka hoto mai kyau takardar sallama ce. Akwai raunin da ke tsittsinka siraran zaruruwan ƙwaƙwalwa, mutum na cikin dogon suma siti kuwa ba ta nuna wani abin kirki ba, sai an je ga na'urar maganaɗisu da ake kira emarai. Hujin hanji ma yakan ɓuya a awoyin farko, musamman ga wanda bel ya bar wa shaida a mara. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne tsoho. Ya ɗan buga kai a haɗarin da kowa ya manta, bayan mako huɗu ko shida ya fara mantuwa, yana jan ƙafa, yana magana ba kan gado. A gida a ce gigin tsufa ne, wasu su ce sammu. Alhali jini ne ya taru a hankali, wanda hoto ɗaya zai nuna, huji ɗaya ko biyu a ƙoƙon kai su fitar da shi, tsoho ya dawo hayyacinsa.

Ku ma'aikatan gwamnati, ragowar maganar taku ce, don ta teburinku takardun sayen waɗannan na'urori ke bi. Sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Fitilar da ke cikinta tana ƙonewa kamar kowace fitila, sauya ta kuma kuɗi ne mai yawa na ƙasashen waje. Tana son wuta tsayayya wadda ba ta hawa da sauka, da ɗaki mai sanyi, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Tana son mai ɗaukar hoto da ke nan da ƙarfe biyun dare, don haɗari bai san lokacin tashi daga ofis ba, da likitan da zai karanta, ko da daga wani gari ne ta intanet, da kuma likitan tiyata da ɗakinsa a kusa. Takardar kwangilar da ba ta ƙunshi gyara da kayan gyara na shekaru ba, kada ku sa mata hannu. Game da kuɗin majinyaci, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don wannan aiki. Mutumin da aka tsinto a titi ba ya tafe da kuɗin hoto a aljihu, kuma awa biyun da danginsa za su yi suna haɗa kuɗi ta waya, su ne awa biyun da na ambata ɗazu. Tsarin da zai sa a ɗauki hoto tukuna a yi lissafi daga baya, a ofis ake rubuta shi.

Ɗalibai kuma, in kun riski haɗari, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122. Ku riƙe kan wanda ya ji rauni daidai da jikinsa, ku ɗauke shi a kan abu mai faɗi kamar ƙyaure ko katako, kada ku ba shi ruwa don wataƙila tiyata na jiransa. Ku lura da ƙarfe nawa abin ya faru, ko ya suma, minti nawa ya yi, sau nawa ya yi amai, ku faɗa wa likitan da kuka tarar. Da wannan bayani ne zai yanke ko a kai shi na'ura yanzu ko a jira.